Na'urar auna zurfin ruwa a tafkin Madarunfa: abin da maɓallin gishiri ke yi da abin da ba ya yi

Ga duk mai shawarar sayen na'urar nan ta hannu da ake cewa tana auna zurfin ruwa tana kuma nuna kifi: zurfin dai tana aunawa da kyau, batun kifi kuwa sai a hankali. Tawa daga Kano aka kawo mini ita nan Maraɗi, kuma don kawuna na saye ta, masunci ne a Madarunfa, duk da shi bai taɓa cewa yana so ba.

Ƴar akwatin roba ce da ba ta wuce ƙaramar salula mai maɓalli ba, tana cin pil huɗu ƙanana. Tana da doguwar waya, a ƙarshenta akwai wani ɗan kai da ake sakawa cikin ruwa. Kan nan shi ke harba ƙarar da kunnen mutum ba ya ji, mai kaɗawa sau 200,000 a sakan guda, ta bugi ƙasa ta dawo. Na'urar ba ta ganin ƙasan ruwa, lokaci kawai take ƙirgawa. Ta ɗauki lokacin da amsa-kuwwar ta yi, ta ninka shi da gudun sauti, ta raba biyu saboda zuwa da dawowa. A zurfin mita 3, tafiyar duka kashi 4 cikin 1000 na sakan ce. Don haka in gudun da aka saka mata ba daidai ba ne, zurfin ma ba zai yi daidai ba.

Shi ya sa aka yi mata wurin zaɓi: ruwan daɗi ko ruwan gishiri. Mai kanti ya ce ado ne kawai, amma ba ado ba ne. A cikin iska sauti yana yin mita 343 a sakan idan zafi ya kai digiri 20. A ruwa ya ninka haka fiye da sau huɗu. A digiri 25, ruwan daɗi irin na tafkinmu yana kai shi mita 1,497 a sakan, ruwan teku kuwa, mai gishiri wajen giram 35 a kowane kilo, mita 1,534. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne dalilin. Gishiri yana ƙara wa ruwa nauyi, nauyi kuma rage gudun sauti yake yi, sai mutum ya zaci ruwan teku ne zai zo baya. To amma gishirin yana kuma sa ruwan ya ƙi matsuwa, ya ƙara tauri, shi kuma abu mai tauri ya fi saurin miƙa sauti. Taurin ne ya rinjayi nauyin.

Bambancin ke nan: mita 37 a sakan, kashi 2 da rabi cikin 100. Ga jirgin da ke kan ruwa mai zurfin mita 100 a gaɓar Legas ko Kwatano, kuskuren mita 2 da rabi ne. Ga kwale-kwalen kawu fa? Mun tsaya inda gorarsa mai alamomin zare ta ce mita 3. Allon ya nuna 3.0. Na mayar da ita kan ruwan gishiri, ya koma 3.1. Santimita 7 zuwa 8 ne a lissafi.

«Yanzu kan wannan ka kashe kuɗinka, ɗana?» in ji kawu.

«Kawu, ai ku gorarku ba ta kaiwa tsakiya idan ruwa ya cika.»

Ya yi shiru yana gyara birgi. A wurinsa wannan amincewa ce.

Abin da takardar na'urar ba ta kula da shi ba, alhali mu ya fi shafa, shi ne zafin ruwa. Da hunturu, idan ruwa ya sauko digiri 20, gudun sauti mita 1,482 ne. Da bazara, a digiri 30, ya kai 1,509. Tazarar mita 27 ce, wato fiye da kashi biyu cikin uku na abin da gishirin teku ke kawowa, kuma ba maɓallin da aka yi wa wannan. Tun a 1826 ma, sa'ad da masana kimiyya Daniel Colladon da Charles Sturm suka kaɗa ƙararrawa a cikin ruwan tafkin Janeba da ke Turai, suka auna lokacin tafiyar ƙarar ta hanyar walƙiyar albarushi, mita 1,435 a sakan suka samu, don ruwan nasu digiri 8 ne. Ruwan daɗi ne kamar namu, sanyi ne ya riƙe shi. Masu rijiyar ruwan zartsi ko tabki mai kanwa kada su ruɗe su danna gishiri don harshe ya ji ɗanɗano. Zartsin da mutum ke iya sha bai kama ƙafar teku ba.

Inda na'urar ta ba ni haushi ba a lissafi ba ne. Ƙasan tafkin laka ce mai taushi, sautin yana nutsewa cikinta kafin ya dawo, sai lambar ta riƙa tsalle tsakanin 2.6 da 3.2 alhali jirgi na tsaye. Kusa da ciyawa kuwa allon cika yake da hoton kifi, kawu ya watsa birgi ya jawo ganye. Tarwaɗa da ke kwance a laka ba ta ganinta sam. Garken karfasa da ke yawo a tsakiyar ruwa ne kaɗai ta nuna da gaskiya. In kan ya karkata, ko aka yi tuƙi da ƙarfi kumfa ya shiga ƙarƙashinsa, kuskuren ya ninka na gishiri sau da yawa. Da tsakar rana allon ba ya karantuwa sai an kare shi da hula, pil ɗin kasuwa kuma ba sa kai la'asar. Takardar Turancin Ingilishi ce tsantsa, ko kalma ɗaya ta Faransanci babu.

Duk da haka ban mayar da ita ba. Masunta sun daɗe suna cewa yashi da laka na cike tafkin, kowa da ƙiyasinsa. Yanzu ina auna wurare ƙayyadaddu, daidai wata bishiya ko wani mashigi, ina rubutawa a littafi tare da wata da zafin ruwan ranar. Ga irin wannan aikin, ko ga mai kula da madatsar ruwa da ke son sanin abin da ya rage masa kafin damina, ta cancanci kuɗinta. Mai neman kifi kuwa ya bi tsohon masunci. In ka saya, bar ta kan ruwan daɗi, ɗaure kan a jikin sanda ya tsaya cak yana kallon ƙasa, ka sayi pil masu caji, ka kuma cire su idan za ka ajiye ta, don zafin Maraɗi yana sa su zubar da ruwa a ciki.