Famfon juya ruwan da ya burge ni wata huɗu, ya ɓata komai a dare ɗaya

Da a makon farko na rubuta wannan sharhi, da taurari biyar zan zuba wa famfunan nan na juya ruwa a tankin murjani ba tare da na waiwaya ba. Gara da na ja ƙafa.

Tankina na murjani mai rai yana da tsawon santimita 240, faɗi 70, tsayi 60, wato yana cin ruwa kusan lita 1,000, kaurin gilashinsa kuma milimita 19. Wannan 19 ɗin ku riƙe ta, domin a kanta rigimar ta tashi. Yawancin abin da nake kiwo Acropora ne, murjanin nan mai rassa wanda a teku ya fi yawa a saman tudun murjani inda igiya ke kai da kawowa dare da rana. Murjani ba ya tashi ya je neman abinci. Ruwa ne ke kawo masa abinci da iskar oksijin, ruwa ne kuma ke kwashe yauƙi da dattin da ke taruwa a jikinsa. In ruwan ya kwanta, shi ma sai ya fara shaƙewa a hankali. Lissafin da masu kiwo suka saba yi shi ne, murjani mai taushi ya wadatu da a juya ruwan tanki sau 10 zuwa 20 a awa, amma masu rassa irin nawa sai an kai sau 40 ko ma 50. Famfon da ke dawo da ruwa daga tankin tacewa na ƙasa kuwa bai fi sau 5 yake yi min ba, ba kuma don wannan aikin aka yi shi ba.

Shi ya sa na sayi guda biyu masu farfela, irin waɗanda maganaɗisu ke riƙe su ta bayan gilashi. A jikin kwali an rubuta lita 20,000 a awa kowanne. Na yi tunanin ɗaukar wani irin famfo dogo mai kama da gora, wanda ke shimfiɗa ruwa kamar tabarma ya zagaye tanki, sai dai duwatsuna tsibi biyu ne da rata a tsakani, na fi son abin da zan iya karkata bakinsa inda na ga dama.

Gaskiya ba zan rage musu ba, da farko sun yi min aiki. Na kafa ɗaya a dama ɗaya a hagu suna fuskantar juna, na saita su ta yadda in wannan ya ƙara ƙarfi wancan zai sassauta. Ruwan da ke karo a tsakiya sai ya riƙa murɗawa ko'ina maimakon ya tafi fuska ɗaya kamar na mesa, kuma shi ne irin motsin da murjani ke so. Cikin mako uku jar gansakukar nan mai yauƙi da ta addabi bayan duwatsu ta ɓace. Dattin da ke kwanciya a lunguna ya tashi ya bi hanyar matata. Ƙananan bakunan murjanin suka fito suka yi buzu-buzu har da rana. Ƙara kuwa babu, sai ka kara kunnenka a gilashi kafin ka ji ɗan gunji. Har wani abokina da muke kiwo tare na ce wa ya je ya saya, abin da yanzu nake jin kunyarsa.

To, ran nan da sassafe uwargida ta tashe ni, ta ce, "Maigida, zo ka ga tankinka, ni dai ban ga kifi ko ɗaya ba." Na fito a guje. Ruwa ya yi fari fat kamar an zuba masa garin alli, ko dutsen da ke gaba ba a hangowa. Na kashe komai na jira ya ɗan lafa, sannan na ga abin da ya faru. Famfon dama ya zame daga mazauninsa, ya sauko kusan taƙi ɗaya, bakinsa ya juya ƙasa. Allah kaɗai ya san awa nawa ya yi yana huda yashi da dukkan ƙarfinsa. Ya haƙa rami har gilashin ƙasa ya bayyana, ya kwashi yashin ya tula a ɗaya ɓangaren, ya binne min murjani huɗu na ƙasa. Wannan ma mai sauƙi ne, don na tono su na kakkaɓe su da bututun hura ruwa, uku sun farfaɗo. Abin da ya ƙona min rai shi ne babban Acropora ɗina mai shuɗin kai, wanda na raina shekara uku tun yana ɗan guntu kamar yatsa. Yana daidai hanyar ruwan, yashi ya yi ta gogar sa kamar ana goga takardar sassaƙa. Gefe guda naman ya saɓule, ƙashin ya fito fari. Na yayyanke rassan da suka tsira na dasa su daban, amma kafin kwana biyu saɓulewar ta bi sauran jikin ta cinye.

Da na huce na koma kan kwalin. An rubuta maganaɗisun yana riƙewa har kaurin milimita 19. "Har", ba "sama da" ba. Wato ni a bakin iyaka nake zaune tun ranar farko ban sani ba. Ƙarfin maganaɗisu yana faɗuwa da sauri matuƙar an ƙara tazara ko da 'yar kaɗan ce, sai ga gansakuka mai santsi ta shiga tsakanin roba da gilashi, ga kuma famfon yana fizga yana saki dubban sau a rana saboda salon igiyar da na saita. Kowace fizga tana ɗan gusar da shi. Zan yarda akwai nawa laifin, ya kamata in ɗauki wanda aka yi wa gilashin da ya fi nawa kauri. Amma kamfanin da ya san a haka ake amfani da kayansa, me ya hana shi faɗa a takarda cewa lambar nan ta busasshen gilashi ce mai tsabta? Ko layi ɗaya babu.

Na rubuta musu. Amsar farko ta zo bayan kwana shida, suna tambayata ko na wanke gilashin kafin in liƙa. Na tura hotuna. Suka ce in turo bidiyon yadda ya zame. Jama'a, abin da ya faru ina barci, ina zan samo bidiyonsa? Sai a wasiƙa ta huɗu wani mai hankali a cikinsu ya ce za su aiko min da maganaɗisu mai ƙarfi, ya kuma iso, ba su karɓi komai ba. Wannan kam na yaba, har na fara cewa a raina to, taurari uku ba laifi.

Sai da na zo sauya shi na ga abin da ya sake tayar min da hankali. Na ciro famfunan na jiƙa su a ruwan khal, kamar yadda nake yi duk wata biyu, domin alli yana son taruwa a kan sandar farfela inda ɗumi yake, in ka bar shi gudu ya ragu ko farfelar ta cije. Da allin ya narke sai ga wata siririyar tsaga a robar da ta lulluɓe maganaɗisun ciki na famfon hagu, wanda bai taɓa ba ni matsala ba, gefenta ya ɗan kumbura, ga jan layin tsatsa yana tsattsafowa. Irin wannan maganaɗisu da zarar ruwan gishiri ya taɓa shi tsatsa yake yi ya kumbura ya ƙara fasa robar, ƙarfen kuma cikin ruwan murjani yake tafiya. Wata huɗu kacal! Sai na tuna yadda wasu murjanin suka riƙa dusashewa a makonnin baya ina ta zargin fitila. Na sauya kashi 30 cikin ɗari na ruwan, na zuba sabon gawayin tacewa, na jefa ɓangaren maganaɗisun da ya tsage a shara.

Tunda ana tone-tone, manhajar wayar da ake saita famfunan da ita ma ba ta da kirki. Sau biyu tana mantar da saitina bayan wuta ta ɗauke ta dawo, famfo ya tashi da cikakken ƙarfi. Maɓallin dakatarwa don ciyar da kifi minti goma ne, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Lita 20,000 ɗin ma ban yarda da ita ba, a tanki mai tsawon 240 ƙarfin ba ya kai ƙarshe yadda ake zato.

Taurari biyu na ba su, ɗaya don rashin ƙararsu, ɗaya don mutumin wasiƙa ta huɗu. In gilashinka bai wuce milimita 12 ba wataƙila ba za ka taɓa ganin abin da na gani ba, amma ka riƙa duba robar maganaɗisun duk lokacin wanki. Na kira abokin nan nawa na ce gemuna ya kama da wuta, ya shafa wa nasa ruwa. Ni yanzu famfon dama yana nan yana aiki a kashi 60 na ƙarfinsa, na ɗaure wayarsa tam a sandar saman tanki yadda ko ya zame ba zai kai ƙasa ba. Na hagu yana cikin kwali sai na ga abin da za su ce game da tsatsar, yau kwana tara ke nan ba amsa.