Hamma, Kafin Ka Sayi Injin Wankin Kafet Ka Fara Sanin Mesarsa

Assalamu alaikum, Hamma. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da Dada da yaran wurin aiki. Sau uku na saurari saƙonka na murya, inda kake cewa in nemo maka injin wankin kafet irin wanda ka gani a hoton da na turo, ka ajiye shi a wurin wankin motarka na Tumfure a Gombe kafin azumi, lokacin da masallatai da gidaje ke fito da shimfiɗu. Wallahi na ji daɗin wannan tunani. Sai dai akwai abin da hoton bai nuna maka ba, wato mesa, kuma a shekara uku da na yi ina wannan aiki a Landan, ita ta fi cin kuɗinmu da ƙarfinmu.

A nan ba a naɗe kafet a kai wa mai wanki. Kafe shi ake yi da ƙasa daga bango zuwa bango, har kan matakalar bene, don haka mu ne ke bin gidaje. Babban injin yana cikin mota, ba ya sauka. Abu biyu kawai ke shiga gida. Akwai siririn tiyo mai faɗin kwatan inci, shi ke kai ruwan zafi da ƙarfi, zafin da yake kusa da tafasa. Sai babbar mesa mai faɗin inci 2, wadda ke zuƙo ruwan datti ta mayar da shi tankin mota. Duk biyun suna haɗuwa a jikin sandar ƙarfen da muke ja a kan kafet: ruwa ya shiga, nan take a zuƙe shi. Da haka kafet ke bushewa cikin 'yan sa'o'i a ƙasar da rana ba ta da alkawari.

Guntu-guntu ake sayar da mesar, yawanci ƙafa 50 kowanne, kusan mita 15 ke nan, kana haɗawa gwargwadon nisa. Wahalar Landan ita ce wurin ajiye mota. Wata rana sai ka samu wuri can gaba da gidan, ga shi kuma a hawa na uku za ka yi aiki, sai ka ga ka haɗa guntu huɗu. Kowane guntu da ka ƙara yana rage ƙarfin zuƙa, haka ma kowane lanƙwaso. Ranar da na fara aiki, maigidana bai ce mini komai game da inji ba. Ya kama hannuna ya ɗora tafina a bakin mesa tana miƙe, na ji ta kama ni kamar za ta haɗiye hannun. Sannan ya naɗe rabinta ya tara a ƙofa, ya ce in sake tarawa. Na ji jan ya yi sanyi. Ya ce ruwan da mesa ta kasa ɗaukewa yana nan kwance a ƙarƙashin kafet ɗin mutane, kuma bayan kwana biyu shi ne warin da za su kira mu a kansa. Tun ranar ba na fito da mesa fiye da abin da aikin ke buƙata.

Shiga gida ma da tsarinsa. Ɗakin da ya fi nisa ake fara kai mesa, a riƙa wankewa ana ja da baya zuwa ƙofa, don kada ka taka inda ka wanke ko ta harɗe maka ƙafa. Muna ɗaure tiyo da mesa wuri guda da maɗauri, su tafi tare. A kowace kusurwar bango muna kafa wata roba mai lanƙwasa, domin jikin mesa gurgu-gurgu ne kamar zarto, idan tana kai da komowa sai ta cinye fenti. A bene kuma ƙugiya muke maƙala mata, don in ta cika da ruwa nauyinta yakan ja ta ƙasa, ta fizge maka sanda daga hannu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru a watana na biyu a wannan aiki. Na shimfiɗa tiyon ruwan zafi a kan ciyawar ƙofar gidan wata dattijuwa, muka yi aikinmu muka tafi. Bayan kwana biyu ta turo hoto: layi rawaya tun daga bakin titi har ƙofa, zafin tiyo ya ƙone ciyawar. Ka san yadda Dada ke ji da bishiyar lemun tsakar gida? To haka mutanen nan suke da ciyawarsu. Na koma na ba ta haƙuri da bakina, kamfani ya biya gyara. Abin da ya dame ni ya wuce ciyawa, don na tuna a ranar akwai jikanta yana rarrafe a falo, kusa da mahaɗin ƙarfen tiyon, wanda ko babba ya taɓa sai ya ƙone. Yanzu kowane mahaɗi sai na sa masa riga.

Ta fuskar kaya, gaskiya sun fi mu sauƙi. Mahaɗi ya lalace da yamma, ka yi oda ta waya, sau da yawa washegari yana ƙofarka, kuma awon ɗaya ne, yana shiga daidai ba sai an fafe ba. Amma gyara ya yi ƙaranci, kuɗin hannun mai gyara yakan sa a gwammace sabo. Na sha ganin mesar da aka jefar wadda mai faci na Jekadafari zai raya ta ta ƙara shekara. A nan kun fi su.

Sai dai ka riƙe wannan da kyau, Hamma, don ina tsoron yaranka. Babbar mesa in ta huje, ana iya naɗe ta da roba, ko a yanke wurin a sake murɗa mata baki, zuƙa kawai take yi. Siririn tiyo kuwa ba a yi masa haka. Wankin kafet yakan tafi da matsi na PSI 300 zuwa 500 (PSI ma'aunin ƙarfin matsi ne), ga zafi. Robar cikin taya ba za ta riƙe shi ba, zai fashe ne a hannun yaro. Ka nemi masu matse bakin tiyon tifa da katafila, irin aikinsu ne.

Abokan gabar mesa a nan sanyi ne da ruwa. Da hunturu in ka bar ruwa a tiyo ya kwana a mota, zai daskare ya fasa shi, har famfon injin. Ruwan Landan kuma yana da alli, yana taruwa ya toshe bakin feshi. Kai a Gombe rana ce da yashi. Zafin Maris da Afrilu yana busar da roba ta tsattsage, don haka a inuwa za a rataye ta, a naɗe da faɗi, nesa da ɓera. Kada a ja ta a kan siminti. Ruwan burtsatse a tace shi. Kafet ɗin masallaci bayan ƙurar hunturu kuwa sai an zuƙe yashinsa a bushe kafin ruwa ya taɓa shi, in ba haka ba taɓo za ka kwaɓa cikin mesa. In an tashi aiki a zuƙa mata bokitin ruwa mai tsabta, ruwan dattin kuma a kai shi rami, kada a sake shi ƙofar maƙwabta. A nan ma an hana zuba shi a magudanar ruwan sama.

Injin cikin mota ba naka ba ne yanzu. Mai taya wanda ake turawa ya fi dacewa da kai, irin na kamfanin Prochem da makamantansa, mai mesa inci ɗaya da rabi. Ƙananan injinan kamfanonin Kärcher da Numatic sun isa kujerun mota, amma za su gaji a masallaci. Na Ingila za mu saya, don wutarsu da tamu ɗaya ce, bolt 230, har filogin mai baki uku, ba kamar na Amurka mai 120 ba. Manyan sukan zo da waya biyu saboda jan wuta, ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba.

Kafet ɗin tsakar ɗaki da ake iya naɗewa, ka ci gaba da wanke shi yadda ka saba, ka shanya a rana. Ko a nan, dardumai masu tsada na Iran da Turkiyya ɗauke su ake yi a kai inda za a jiƙa su sosai. Ribar inji tana wurin da ba a iya ɗaga shimfiɗa: masallatan Juma'a, otal, ofisoshi, ɗakunan taro.

Ka sa yaro ya auna mini masallacin unguwarku, daga ƙofa zuwa sahun gaba, da kuma faɗin sahu, in san guntu nawa zan haɗo. Zan sa tiyo biyu da mahaɗai na ajiya a cikin kayan. Ka turo mini hoton rubutun da ke jikin janaretanka. A gaida Dada, ka ce mata zan kira ranar Juma'a bayan an sauko, in Allah ya yarda.