Sharhi kan baje kolin zane-zanen ma'aikatan gidan tarihi na Met a New York

Gidan adana kayan tarihi da fasaha na Metropolitan da ke birnin New York, wanda aka fi sani da Met, yana da wata al'ada tun shekarar 1935, inda ma'aikatansa kan tattara abubuwan da suka ƙirƙira da hannunsu su nuna wa junansu. Shekara da shekaru ba a barin kowa ya gani sai su ma'aikatan da baƙinsu, har zuwa watan Yunin 2022 da aka buɗe wa jama'a ƙofa a karon farko, a baje kolin da aka sa wa suna "Art Work: Artists Working at The Met". Ina cikin waɗanda suka je, kuma ina ganin ya cancanci 'yan uwanmu mazauna Bronx da Harlem su ji labarinsa, domin da yawa daga cikinmu aikin gadi da shara da dako muke yi a wannan birni.

Ma'aikata fiye da 450 ne suka kawo ayyukansu, daga masu gadi da ma'aikatan ɗakin karatu, zuwa masu gyaran tsofaffin kayan tarihi da masu ɗaukar kaya su rataya a bango. Akwai zanen fenti da hotunan kyamara, akwai sassaƙa da ginin yumɓu, akwai kuma saƙa da surfani. Ba zan ce dukkansu sun ƙware ba, domin wasu ayyukan a fili suke na mai koyo ne, amma waɗanda suka yi kyau sun yi kyau matuƙa, har mutum ya manta cewa a ƙarƙashin rufi ɗaya suke da zanen Rembrandt da na Vermeer, shahararrun masu zane na ƙasar Holland.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ayyukan masu gadi. Mai ziyara yakan tsaya gaban zane na minti ɗaya ko biyu ya wuce, amma mai gadi yana tsaye a ɗaki guda na sa'o'i masu yawa, yau da gobe, yana kallon yadda haske yake sauka a kan fenti da safe da yadda yake sauyawa da yamma, yana lura da inda mai zane ya danne buroshi da inda ya sassauta. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma na ga gaskiyar hakan a yadda wasunsu suka iya haɗa launi da inuwa cikin natsuwa. Na zanta da wata mai gadi da ke bakin aiki a ranar, ta shaida mini cewa da daddare take yin zanenta bayan ta tashi daga aiki, a kan teburin cin abinci, saboda ba ta da ɗakin da za ta keɓe wa sana'ar. Tun daga nan na daina wuce masu gadin gidajen tarihi ba tare da gaisuwa ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne a New York. Robert Ryman, wanda daga baya ya shahara da zanensa na farin fenti, ya yi kimanin shekara 7 yana gadi a gidan fasahar zamani na MoMA tun daga 1953, kuma Dan Flavin da Sol LeWitt su ma sun yi ƙananan ayyuka a can kafin duniya ta san su. Don haka ban ɗauki wannan baje koli a matsayin alfarmar da aka yi wa ƙananan ma'aikata ba. Masu fasaha ne da neman abinci ya kai su aikin albashi, kuma haƙƙinsu ne a kalli aikinsu da idon basira.

Shawarata ga mai niyyar zuwa idan an sake yin wani ita ce ya ware lokaci isasshe, domin ayyukan suna da yawa kuma an rataya su kusa da juna, ido yana gajiya da wuri, ƙananan zane-zane kuma suna iya ɓace wa mutum a tsakanin manya. Gara ya zaga sau ɗaya a hankali, ya fita ya huta, sannan ya dawo kan waɗanda suka ja hankalinsa. Na 2022 mako biyu kacal ya yi, kuma an sake yin wani a ƙarshen 2024, saboda haka yana da kyau a riƙa duba shafin gidan a intanet don kada lokacin ya wuce. Tikitin shiga gidan ya wadatar, ba a biyan wani kuɗi daban, kuma mazaunin jihar New York da ya nuna shaidar adireshinsa yana biyan abin da ya ga zai iya ne. Daga Bronx, jirgin ƙasa mai lamba 4 yana sauke mutum a titi na 86, sai ya ƙarasa da ƙafa zuwa Fifth Avenue a gefen Central Park. A kiyaye dai da ranar Laraba, domin ba a buɗe gidan a ranar.