Sharhi: Na biya an gyara mini CV na aikin tsara manhaja

Shekara uku ke nan ina aikin tsara fuskar manhajojin waya da yadda mutane ke mu'amala da su, kuma a watannin baya na fara neman aikin da ake yi daga gida da kamfanonin ƙasashen waje. Da na ga takardun da nake turawa suna tafiya shiru, sai na biya wani kamfani mai gyara CV ta intanet, shi kuma ya haɗa ni da wata ma'aikaciyarsa da ta taɓa ɗaukar masu irin sana'armu aiki. Mun yi zama biyu ta bidiyo, sannan ta dawo mini da takardar da gyare-gyarenta a rubuce cikin mako guda.

Abin da ta fara rushewa shi ne wanda na fi alfahari da shi. A Figma, manhajar da muke zanen fuskar manhajoji da ita, na zana CV ɗina, na raba shafin gida biyu, na sa launuka, na kuma yi 'yan sanduna masu nuna ƙwarewata a kowace manhaja. Ta ce in buɗe PDF ɗin, in kwafe rubutun duka, in zuba shi a shafi marar ado. Ina yin haka sai wuraren da na yi aiki suka cakuɗe da jerin ƙwarewa, lambar wayata kuwa ta ɓace, domin a matsayin hoto na saka ta. Ta bayyana mini cewa kamfanoni da dama suna karɓar takardu ne ta manhajar tantance masu neman aiki, wadda ake kira ATS, kuma abin da ya kasa karantuwa a wurinta yana iya isa gaban mai ɗaukar aiki a hargitse. Sandunan kuma tambaya ɗaya ta yi mini a kansu: wa ya auna, kuma da wane ma'auni? Har launin toka da na rubuta ƙananan bayanai da shi bai tsira ba, domin bai kai bambancin haske na 4.5 da 1 tsakanin rubutu da shafin da yake kai da ƙa'idar WCAG, ta sauƙaƙa wa masu nakasa amfani da intanet, ta tanada wa rubutu na yau da kullum ba, alhali na rubuta a takardar cewa ina kula da masu raunin gani. Wannan ya shige ni sosai.

Ta cire hoto, ranar haihuwa, jihar asali, ƙaramar hukuma da batun aure, waɗanda muka saba jerawa a Najeriya, saboda a Amurka da Birtaniya ba a tsammanin ganinsu, kuma dokokin hana wariya sun sa kamfanoni da yawa ba sa so.

Inda kuɗina ya yi amfani da gaske shi ne sake rubuta bayanin ayyukana. Na rubuta da farko cewa na zana manhajar biyan kuɗi, ita kuwa ta yi ta jefo mini tambayoyi har sai da ainihin aikin ya fito: na zauna da 'yan kasuwa biyar a Kantin Kwari ina kallon yadda suke tura kuɗi, na lura suna tsayawa cak idan saƙon kuskure ya fito da Turanci mai wahala, sannan muka rage matakan, muka mayar da saƙonnin cikin Hausa mai sauƙi. Na daɗe ina jin kunyar ambaton mutum biyar kawai, sai ta tuna mini cewa tun a shekarar 2000 Jakob Nielsen, masani kan sauƙin amfani da manhaja, ya nuna gwaji da mutum biyar yana bankaɗo mafi yawan matsalolin amfani. Ta kuma ɗago ƙwarewata ta yin binciken masu amfani cikin Hausa daga ƙasan shafi zuwa sama, ta sa adireshin kundin ayyukana kusa da sunana, tana mai cewa kyawawan hotuna irin na Dribbble, shafin da masu zane ke baje ayyukansu, ba za su maye gurbin bayanin dalilin da ya sa na yanke kowace shawara ba.

Akwai abin da ban yarda da shi ba, kuma har yanzu yana damuna. Ta matsa mini in sa alkaluma a kusan kowane layi, har ta ba da shawarar in ƙiyasta kaso nawa cikin ɗari aikina ya ƙara yawan masu amfani. Kamfanin da na yi wa aikin bai taɓa ba ni waɗannan bayanai ba, kuma alkalumin da mutum ya ƙago shi ne farkon abin da za a tambaye shi a zaman tantancewa. Na ƙi, na rubuta abin da na gani da idona kawai.

Duk wanda zai biya irin wannan hidima, ya fara yin gwajin kwafe rubutun nan da kansa, domin kyauta ne, sannan ya tambaya tun kafin ya tura kuɗi ko duba kundin ayyuka yana cikin farashin. A nawa ba ya ciki, kuma da dala aka nemi ƙarin.