ESP32 ko Arduino Uno: wacce za ta ɗauki ɗan yaren naka?

Ƙanina, tunda so kake ka rubuta ɗan yarenka na kwamfuta da zai riƙa kunna famfon ban-ruwa da umarnin Hausa, cikin ƙananan allunan kwamfutar nan biyu, ESP32 da Arduino Uno, sayi ESP32 kawai.

Ita ce a gonarmu ta Kura, cikin roba a inuwar farantin sola. Ƙwaƙwalwar aikinta KB 520 ce, ga WiFi ga Bluetooth. A kan MicroPython, wato yaren kwamfuta na Python da aka rage don ƙananan alluna, wanda Damien George ya fara a 2013, na fara gwada nawa yaren kafin in mayar da shi yaren C. Daɗinsa, kana buga layi tana amsawa, babu zaman jiran lodi. Da zafi ya tsananta Baba ya ce a ƙara wa tumatir ruwa, ina tsugune bakin kwalbati na jona wayata da allon da igiyar OTG, na mayar da umarnin lokacin ban-ruwa daga "30 jira" zuwa "45 jira". Ya leƙo ya karanta da kansa, ya ce ashe injin ma ya yi makaranta.

Lamba tana zuwa gaba ne don tsarin yaren Forth na bi, na Charles Moore. Ka karanta kalma ɗaya: in lamba ce ka ɗora ta bisa tari, wato inda lambobi ke jiran umarni, in umarni ne ka nemo shi a jadawali ka zartar. Shi ke nan. Da shi za ka fara, kada ka ce sai ka ƙera Python taka.

Uno tana nan cikin kwali tana shan ƙura. Ƙwaƙwalwar aikinta KB 2 ce kacal, a nan umarnin da tarin da sunaye za su cunkushe, MicroPython ma ba ya shiga. Tana jure volt 5, wannan na ba ta. ESP32 kuwa 3.3 ce, ka sa wa ƙafarta 5 ka yi asara.

Sannan ka yi hattara in ka shiga birni. Akwai masu miƙo maka wata mai kama da ita, ESP8266, su rantse ESP32 ce, alhali ba ta da Bluetooth. Karanta rubutun da ke kan murfin ƙarfen da idonka. Wasu igiyoyin ma na caji ne kawai, ba sa ɗaukar bayanai. A jona a gabanka, ka ga kwamfuta ta gane ta, sannan ka zaro kuɗi.