GFS ko Yuro: wanne za a yarda da shi kan guguwar ƙarshen mako?

Salam jama'a. Malam, na ga tambayarka tun safe, ka ce an turo maka taswira biyu kan guguwar dusar ƙanƙara da ake cewa tana tafe ranar Asabar, ɗaya ta nuna New York za ta sha inci 18 ɗaya kuma ta nuna inci 2 kacal, kuma kana da tafiya Boston a mota ranar saboda suna, shin wacce ce ta gaskiya. Toh bari in yi bayani a nan kowa ya ƙaru tunda ba kai kaɗai ka gani ba.

Taswirorin nan biyu ba hasashen ma'aikatan yanayi ba ne, ɗanyen lissafin kwamfuta ne aka ɗauko aka watsa. Ta farkon daga Yuro take, ta biyun daga GFS. Shi GFS na gwamnatin Amurka ne, hukumar NOAA ke gudanar da shi, sau 4 yake fita a rana kuma yana hango har kwana 16, kyauta ne shi ya sa manhajoji da yawa na cikin waya suke jingina da shi. Yuro kuwa sunansa na ainihi ECMWF, cibiya ce ta ƙasashen Turai da aka kafa a 1975, hedikwatarta a Reading ta Ingila, manyan kwamfutocinta yanzu suna Bologna a Italiya. Dukkansu duniya gaba ɗaya suke lissafawa, suna yanka sararin sama gida-gida, na Yuro kowane gida kamar kilomita 9, na GFS wajen kilomita 13, wato Yuro ya ɗan fi gani dalla-dalla. Amma abin da masana suka fi yaba masa shi ne yadda yake haɗa bayanan farko, na tauraron ɗan'adam da jiragen sama da balan-balan, kafin ma ya fara lissafi.

In dai maganar hanyar da guguwa za ta bi ne ana saura kwana 4 zuwa 7, ni Yuro nake fara dubawa, kuma da dalili. A 2012 lokacin guguwar Sandy, Yuro ya nuna za ta karkato ta shigo New Jersey tun ana saura kusan mako guda, alhali GFS yana ta nuna za ta wuce cikin teku abinta. Ran 29 ga Oktoba ta sauka kusa da Atlantic City, waɗanda suke nan a lokacin ba sai an tuna musu ba. Tun daga nan mutane suka ɗauki Yuro kamar ba ya kuskure.

Sai ga Janairun 2015. Yuro ya dage cewa New York za ta nutse, hukumar yanayi ta yi hasashen inci 20 zuwa 30, gwamnan New York na lokacin, Cuomo, ya hana motoci fita daga ƙarfe 11 na dare, aka rufe jirgin ƙarƙashin ƙasa wanda ba a taɓa rufe shi saboda dusar ƙanƙara ba. Gari ya waye an auna inci 9.8 a Central Park da ke tsakiyar New York. Guguwar ta zo fa, ba ƙarya ba ce, sai dai ta zame gabas kaɗan, gabashin Long Island ya sha sama da inci 20, Boston 24.6, Worcester 34.5. A wannan karon GFS, wanda ba a jima da yi masa gyara ba, shi ya fi kusa da gaskiya. Shekara guda bayan nan kuma, Janairun 2016, manyan biyun sun daɗe suna ajiye mafi yawan dusar a kudu wajen Washington da Baltimore, wani ƙaramin lissafi mai suna NAM ne ya yi ta nacin cewa za ta hauro arewa, ƙarshe Central Park ya samu inci 27.5, wanda ya karya tarihin birnin.

Abin da nake so a gane shi ne hanya daban, yawan dusa daban, kuma na biyun ya fi wuya nesa ba kusa ba. Irin guguwar nan ta gabar gabas, masu hasashe suna da wani wuri a teku da suke auna ta da shi, digiri 40 arewa 70 yamma, kudu da tsibirin Nantucket. In cibiyar guguwar ta bi ta kan wurin nan to biranen da ke kan babbar hanyar I-95, wato su New York da Boston, su ne a tsakiyar abin. In ta matso yamma kusa da gaɓa sai ta jawo iska mai ɗumi daga teku, New York da Boston su fara da dusa su koma ruwan sama, can cikin ƙasa wajen Albany su kwashi kaya. In kuma ta zame gabas sai dai iska da ɗan yayyafin dusa. Tazarar da ke raba waɗannan ukun ba ta wuce mil 50 zuwa 100 ba, kuma kuskuren mil 100 ana saura kwana 5 ba komai ba ne a wajen kowanne daga cikinsu, Yuro ko GFS.

Ko an dace da hanyar ma akwai sauran aiki. Kwamfuta ruwa take lissafawa, masu zana taswirar nan masu launi su ne suke juya shi zuwa dusa, yawanci su ce inci 1 na ruwa inci 10 ne na dusa. Amma in sanyi ya yi tsanani dusar takan zo da laushi kamar gari, inci 1 ya ba da 15 ko 20, in kuma zafin yana dab da digiri 32 a ma'aunin Fahrenheit, inda ruwa ke daskarewa, sai ta zo jiƙaƙƙiya mai nauyi wadda ke manne wa shebur tana karya rassan bishiya, ba za ta wuce inci 6 ko 7 ba. Wasu taswirorin ma har tsakin ƙanƙara mai ƙwanƙwasa gilashin mota suke ƙirgawa a matsayin dusa, shi ya sa lambar ke kumbura. Sannan akwai zirin da dusar ke zuba da ƙarfi, inci 2 ko 3 a awa ɗaya, faɗinsa bai fi mil 20 ba, kamar dai hadarin damina da za a yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a unguwarku a tsallaken titi ƙasa a bushe. Babu wanda zai gaya maka inda zirin nan zai tsaya sai ranar ta zo.

Saboda haka Malam yau Litinin, kar ka soke tafiya kuma kar ka saki jiki. Iskar da za ta haifi guguwar nan sau da yawa tana can saman tekun Pasifik inda babu tashoshin awo sosai, sai ta shigo ƙasa sannan balan-balan ɗin da ake saki ƙarfe 7 na safe da 7 na yamma agogonmu za su auna ta da kyau, shi ya sa za ka ga wajen Laraba ko Alhamis taswirorin sun fara matsowa kusa da juna. Abin dubawa kafin nan ba taswira ɗaya ba ce, kowannensu yana maimaita lissafin da ɗan sauye-sauye, Yuro sau 51 GFS sau 31, in yawancin sun taru wuri guda to maganar ta fara nuna, in sun warwatse to har yanzu ba a sani ba. Daga Juma'a kuma a bar manyan nan biyu a koma kan HRRR, wani ƙaramin lissafi na gajeren zango mai fita kowace awa, shi ke iya kama zirin.

Wanda ba shi da lokacin bin duk wannan, kuma yawancinmu ba mu da shi ga aiki ga iyali, ya shiga weather.gov ya sa lambar unguwarsa. Mutane ne a ofishin suke kallon duka lissafin su tace, kuma suna ba da lamba uku, wadda suka fi zato da mafi ƙaranci da mafi yawa. Ni da mafi yawan nake shiri. Kai kuma ka duba ofishin New York da na Boston duka biyu har da hasashen Connecticut da za ka ratsa, domin tana iya zama ruwa a Bronx dusa a Hartford. In ka ga sun ɗaga sanarwa daga matakin a sa ido zuwa gargaɗi na sosai, to ka tashi ranar Juma'a da rana ko ka kira su ka ba da haƙuri, musamman in da yara a motar. Kuma don Allah masu turo taswira a guruf a riƙa duba kwanan wata da awar da ke saman hoton kafin a tura, ta inci 18 ɗin nan ta jiya da daddare ce, an sake lissafi tun bayanta.