Foundry: auna sauyin Ethereum a kan kwangilarka kafin ya iso

Duk wani sauyi ga yadda kwangilolin Ethereum, wato manhajojin da ke gudana a kan wannan hanyar sadarwa ta blockchain, ke aiki yakan fara ne da takardar shawara da ake kira EIP, a buɗe ta ga masu rubuta manhaja su tofa albarkacin bakinsu. Wanda ya zo da lissafi shi ake saurara. A Janairun 2019 an ɗage sauyin Constantinople ana gab da ƙaddamar da shi, saboda kamfanin ChainSecurity ya nuna cewa rage kuɗin gas (ma'aunin abin da ake biya kan kowane aiki a Ethereum) da EIP-1283 ya yi zai ba ɓarawo kafar sake shiga kwangila kafin ta rufe lissafinta. Daga baya aka cire shawarar gaba ɗaya.

Irin wannan hujja Foundry, kayan aikin rubuta kwangiloli da gwada su, ke taimaka maka ka haɗa. Kamfanin Paradigm ne ya fitar da shi a ƙarshen 2021, kyauta ne, an rubuta shi da harshen manhaja na Rust, gwaje-gwajenka kuma da Solidity, harshen rubuta kwangiloli, za ka rubuta su. A cikinsa, forge na gwaji, anvil na tayar maka da Ethereum na gwaji a kwamfutarka, cast kuma na aika umarni.

A ɗauki SELFDESTRUCT, umarnin rushe kwangila. Tun sauyin Dencun na 13 ga Maris 2024, wannan umarni ba ya goge kwangila sai idan a cikin mu'amala guda aka ƙirƙire ta aka kuma rushe ta; in ba haka ba, kuɗin da ke ciki kawai yake turawa. Ka tayar da anvil da --hardfork shanghai, wato ƙa'idojin kafin Dencun, ka ɗora kwangilar, ka rushe ta, sannan ka tambayi cast code. Zai ba ka 0x, babu komai. Ka maimaita da cancun, wato ƙa'idojin Dencun, lambar kwangilar na nan daram. Duk wanda ya gina tsarinsa a kan rushe kwangila ya sake ɗora wata a adireshi ɗaya, a nan zai gane cewa ƙofar ta rufe.

Wajen gas ne ya fi burge ni, nan ne kuma yake yaudarar mai gaggawa. Forge snapshot zai rubuta gas ɗin kowane gwaji a fayil, ka canza evm_version a foundry.toml ka kwatanta. To amma tun sauyin Berlin na 2021, karanta ma'ajiya karon farko gas 2100 ne, na biyu 100. Kiraye-kirayen da ke cikin gwaji ɗaya suna cin moriyar wannan rahusa, sai adadin ya fito ƙasa da na gaskiya. Maganinsa --isolate, wanda ke ɗaukar kowane kira a matsayin mu'amala daban.

Yana da nakasu. Shawarar da ba a riga an saka a injinsa ba, ba za ka iya gwada ta ba, alhali a lokacin ne ra'ayinka ya fi tasiri. Kwafo yanayin babbar hanyar sadarwa da --fork-url kuma na cin intanet, tsohon bulo (rukunin mu'amaloli) yana buƙatar sabar da ta adana cikakken tarihi. Ka ƙayyade lambar bulo don ya ajiye abin da ya sauke, kada ya riƙa ɗebowa kullum.

Ga wanda ya iya Solidity kuma yake da kwangila mai riƙe da kuɗin jama'a, ya cancanci a koye shi. Sabon shiga zai fi samun sauƙi da Remix, manhajar rubuta kwangila da ke aiki a burauza.